Malami Ya Wanke Fatakar Inna

A Kaura Namoda, in kana son bayanin abin da babu wanda ya taɓa gani, ka je teburin Shehu mai shayi da safe ka jira Malami. Ba ya daɗewa zai iso, da babbar rigarsa da ta sha shuni har ta gaji, da 'yar rediyo a hammata. Malami sanƙira ne, shi ke kwarzanta masu kuɗi a wajen biki, yana faɗa wa mutum sunan kakan da shi kansa bai san yana da shi ba. Da aka kafa shari'a a Zamfara aka tsayar da kiɗa da roƙo a wuraren biki, sai sana'ar ta mutu a hannunsa, amma bakin nan ko gezau bai yi ba. Mu masu shan shayi mu muka gaji wahalar, domin muryar da ta saba cika fili yanzu a kan benci ɗaya take sauka.

Wata safiya ya iso yana taku kamar an yi masa naɗi. Ya ce ya ji a rediyo an yi gwanjon wani tsohon kwabo a ƙasar Turawa, kuɗin da aka saye shi sai su gina unguwa guda. Ya ce akwai masana da ke maƙala gilashi a ido su duba kwabo su ba shi daraja, kuma wanda ya fito fes kamar yau aka buga shi, shi ne sarkin tsada.

Shehu ya ci gaba da fifita wutarsa, ya ce, "To kai ina ruwanka, Malami? Kwabon yau ma ba ka aje ba, balle na jiya."

"Kai ruwan zahi kaɗai ka sani," in ji Malami. "Ƙasar ga cike take da kuɗɗin Turawa, suna kwance cikin tukanen tsoffi suna barci. Ni za ni tashe su."

Da aka tambaye shi a ina ya koyi ba kwabo daraja, sai ya dube mu da tausayi. Ya ce ubansa ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa zamanin gyaɗa da auduga, kuma shi da idonsa ya ga yadda ake tantance auduga: fara tas lamba ɗaya, mai ɗan datti lamba biyu, mai ƙasa lamba uku. Ya ce Bature ai guda ne, wanda ya sayi auduga shi ne zai sayi kwabo, kuma duk duniya babu abin da Bature ya tsana irin dauɗa. Ranar Alhamis ta ƙarshen wata zai buɗe gwanjon tsofaffin kuɗi a kasuwar Shinkafi, irin wanda ba a taɓa yi ba daga nan har Maraɗi. Wanda ya yi dariya yau, in ji shi, kada ya zo neman rage hanya in an sayi mota.

Sai dai gwanjo yana son kaya guda mai jan ido, kuma Malami ya san inda yake. Mahaifiyarsa, Inna Kyauta, tana da fataka, tsohon kuɗin nan na azurfa, irin ta farkon zuwan Turawa. Da ita marigayi mijinta ya sayi bakinta lokacin tana amarya, kuma a cikin abin da ya bari ita kaɗai ce ba a ci ba, ba a raba ba. Tana ƙulle da ita a gefen zane. In ta idar da salla sai ta kwance ta, ta murza ta da babban yatsa tana yi masa addu'a, ta mayar. Idonta ya yi rauni, amma yatsan nan ya san fatakar lungu-lungu, kuma shekaru sun mayar da ita baƙa kamar gindin tukunya.

Malami ya yi ta nacin a ba shi fatakar, safe da yamma, har ya hana tsohuwa sakat. Matarsa Saude ta bi ta bayansa ta roƙi Inna kada ta yarda, amma ɗa ɗa ne, kuma tun da aka hana roƙo Inna ba ta ƙara jin sa cikin fara'a irin haka ba. Ta kwance ƙullin, ta riƙe hannunsa kafin ta saki.

"Nunawa kaɗai," in ji ta. "Ba ka saida ta, ba ka ba kowa aro. Yadda ka amshe ta, haka za ka maido min ita."

Malami ya rantse, ya ƙara da rantsuwar da ba a nema ba.

Daga nan ya shiga ƙauyuka. Ya ɗauki kayan tireda bashi-ba-bashi-ba daga cikin jarin Saude, sabulu da magi da ashana, ya ari gilashin ido ɗaya wurin mai gyaran agogo, ya hau motar Zurmi. Kwanan farko ya samu abin kirki, anini da sisi da sule da kwabo mai huji, domin tsofaffi sun ji daɗin a ba su sabulu a karɓi abin da ko kaza ba ta tsattsaga. Amma labari ya riga shi isa gaba, cewa ga wani bawan Allah daga Kaura yana musayar magi da kuɗin da ba su ci. Kafin ya kai unguwa ta gaba, mata sun aiko masa da maɓallin rigar ɗan doka, da wasar keke, ɗan faifan ƙarfen nan mai huji da ake sa wa a bayan noti, da marfin kwalba da aka daka a turmi ya baje. Malami ya maƙala gilashi, ya juya wasar keken nan, ya ce wannan tun zamanin da ba a fara rubutu a jikin kuɗi ba ne, shi ya sa babu komai a kansa, kuma irinsa ya fi tsada. Ya ba da sabulu biyu, ya yi sauri ya bar wurin kada mai shi ta farga ta ce ta fasa.

Gilashin kuwa ba ya nuna masa komai sai hazo, domin bai san ana kusanto da abu kusa da ido ba, shi a nesa yake riƙewa kamar mai duba wata. Matse gilashin da yake yi da fatar ido ya sa idon ya kumbura ya yi ja, yana ƙiftawa shi kaɗai. Da muka yi masa jaje ya ce duk masanan Turai haka idonsu yake.

A Badarawa ya hango arziki a sama. Wani tsoho ya yi rufin kwano tun zamanin da aka canja kuɗi, kuma maimakon ya sayi wasar da ake sa wa ƙusa ya yi amfani da kwabo mai huji, kowace ƙusa da kwabonta. Malami ya tsaya a ƙofar gidan yana kallon rufi baki buɗe. Aka yi ciniki, tsoho ya sallama masa kwabban a kan ya cire su da kansa ya mayar da ƙusoshin. Malami ya naɗe riga ya hau. Shawarar da hankali zai bayar ita ce a cire ɗaya a mayar da ɗaya, amma shi ya ce masu aiki da tsari cirewa suke yi gaba ɗaya tukuna. Yana zare ta ƙarshe hadarin farkon damina ya taso da iska. Kwano ɗaya ya tashi ya nufi gonar maƙwabta, na biyu ya bi shi, na ukun da Malami yake kai ya zame da shi a hankali, kamar mai jiran a yi masa ban kwana, ya sauke shi a tsakiyar turken awaki. Ruwa ya sauka a kan gadon tsoho da buhunan geronsa. Sai da Malami ya wuni yana tsintar kwano a gonakin mutane, sannan ya bar rediyonsa a matsayin ban haƙuri aka sake shi ya tafi.

Shehu ya ce wannan ita ce babbar asara, domin rediyon nan ita kaɗai ce a gidan Malami ta san wani abu game da kwabo. Malami ya ce abin da ke cikin rediyon duk ya riga ya kwashe shi, kwanko kawai ya bar wa tsoho.

Sai aka shiga wanki. Ya baje kuɗin a tsakar gida ya raba su lamba-lamba, ya ga kusan duka lamba uku ne, ya ce ba da shi ba. Ya fara da toka da tsamiya, yadda mata ke wanke tasa. Ya ƙara da lemun tsami da yashin gulbi. Waɗanda suka yi taurin kai ya sayo musu ruwan batir wurin mai caji, ya zuba a cikin kwallar Saude ta aure ya jiƙa su. Kwallar ta yi kumfa, ta yi wari har kajin gidan da na maƙwabta suka ƙaura, da aka ɗaga ta sai ga rana ana hangowa ta gindinta. Babbar rigar ma ta samu rabonta, gabanta ya koma kamar rariya.

Saude ta tsaya a kansa riƙe da kwallar, ta tambaye shi ita kuma lamba nawa ce yanzu. Ya ce ta kwantar da hankalinta, bayan Alhamis da kwanon tangaran za ta riƙa ba kaji ruwa. Ta ce ita dai kajin ma a dawo mata da su tukuna.

Abin da ruwan batir ya rage, mai washin wuƙa ya ƙarasa. Malami ya kwashi kuɗin ya kai masa a bakin kasuwa, mutumin ya taka kekensa, dutse ya juya, wuta tana tartsatsi. Sarkin Ingila da ke jikin sule ya fara rasa gemu, ya rasa kunne, daga baya ya koma kamar ƙwai sanye da hula. Mai washi ya ce shi fa yana ganin rubutun yana tafiya. Malami ya ce ya taka kawai, Bature ya san abin da ya rubuta, ba sai an tuna masa ba.

Ranar Laraba da hantsi ya jera kayansa a kan farin ƙyalle don gwaji, suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Ya kwance fatakar Inna ya ajiye ta a tsakiya. Ya ja da baya ya duba, ya matso ya duba. A cikin wannan haske fatakar ta zauna baƙa ƙirin, kuma ita ce za ta ja gaba. Saude tana tankaɗe, ta ga hannunsa ya nufi kaskon toka.

"Malami, ka tuna abin da Inna tac ce."

"Cewa tay yi in maido ta yadda take. Fataka ta, fataka za ta koma. Dauɗa kaɗai za ni rage mata, ita ma Inna sai ta gode min."

Saude ta ce ita babu hannunta, babu bakinta, ta kwashi garinta ta shige ɗaki. Malami ya wanke fatakar da toka, ya bi da tsamiya, da ya ga akwai sauran baƙi a cikin lungunan rubutun sai ya kai ta wurin mai washi, ya ce a ɗan shafa mata dutse kaɗan, don ladabi.

Maganar kada a sayar kuwa, ya riga ya yi mata dabara, kuma shi a ganinsa dabarar ta fi ta kowa. Zai sa fatakar a gwanjo, ɗan kore ya taya ta da tsada ya saye a gaban jama'a, mutane su ga irin kuɗin da tsohon kuɗi ke yi su rufa wa sauran, da yamma fataka ta dawo aljihunsa. Ya samu Zubairu, wani ɗan kamasho a tashar Zurmi wanda bai taɓa yarda an fi shi a musu ba, ya ara masa hularsa ta zuwa biki. Da ya kwana ya tashi sai ya ga mutum ɗaya zai iya makara ko mota ta lalace da shi, don haka ya ƙara da Jafaru, dillalin jakuna a Shinkafi, wanda shi ma kansa dutse ne, ya ara masa rawani. Kowanne ya ja shi gefe ya faɗa masa magana ɗaya: fatakar uwarsa ce, ko nawa aka taya ya ɗara, in ta kuɓuce masa ba zai yafe ba duniya da lahira. Bai gaya wa ɗaya labarin ɗaya ba. Ya ce in sun san juna za su yi murmushi a gane su.

Ranar Alhamis Shehu ya kashe wutarsa, muka cika mota guda muka bi shi Shinkafi, domin irin wannan ba a jin ta a bakin wani. Malami ya kafa tebur kusa da kara, inda ake cinikin dabbobi, ya yafa mayafi a kan ramukan rigarsa, ya maƙala gilashi a kumburarren ido. Da ya buɗe murya sai da raƙuma suka waiwayo. Ya kira anini da kirari, ya ce sisin nan ya ga zuwan jirgin ƙasa da idonsa, ya ɗaga wasar keke ya ce wannan ko a Ingila saura biyu. Jama'a suka taru, wasu suna kare ido da hannu saboda ƙyalli.

A cikin taron akwai mai saye na gaske guda ɗaya, Alhaji Imrana, mutumin Maraɗi, wanda ke bin kasuwanni yana sayen tsofaffin takubba da kuɗi yana kai wa Turawa a Yamai. Malami ne ya aika masa tun farkon wata. Alhaji ya ɗauki sule ɗaya ya juya, ya ɗauki na biyu, fuskarsa ta canja, ya buɗe baki zai yi magana. Malami ya ɗaga masa hannu ya ce ya yi haƙuri, ba a katse masani yana tsakiyar aiki.

Aka ɗaga fataka. Malami ya ce a taya, Zubairu ya gyara hula ya ce dubu. Malami ya ji daɗi, ya fara juyi yana maimaitawa, sai daga ɗaya gefen Jafaru ya leƙo ta ƙarƙashin rawani ya ce dubu biyu. Zubairu ya dube shi sama da ƙasa ya ce biyar. Jafaru ya ce goma. Nan Malami ya yi niyyar tsayawa, domin dubu goma ta isa ta ruɗa kasuwa, amma ba a rufe gwanjo ana tayawa, kuma duk mai kallo ya san haka. Ya juya wajen Zubairu ya ƙifta masa ido, wai ya bari. Idon nan kuwa ya kwana biyu yana ƙiftawa ba da izininsa ba. Zubairu ya ɗauka cewa ake ya ƙara, ya ce ashirin. Malami ya juya wajen Jafaru da sauri, idon ya ƙifta, Jafaru ya ce arba'in.

Kuɗin fataka ya wuce na rago, ya wuce na sa, ya wuce na babur. Masu cinikin shanu suka bar shanunsu suka zo. Da aka wuce kuɗin kujerar Makka wata mai fura ta ajiye ƙwaryarta ta yi salati. Zubairu gumi ya jiƙa hular aro, a ransa yana cewa ga wani azzalumin mai kuɗi zai raba tsohuwa da abinta, shi kuwa ba zai ci amana ba. Jafaru ma abin da ke ransa ke nan, har da ƙarin haushin cewa baƙo ne zai fi shi a garinsu.

"Kai mutumin Zurmi," in ji Jafaru, "kasuwar ga tamu ta. Ko za ka kwana nan, ba ka tahiya da ita."

"In kuɗɗi sunka ƙare ina da hwadama," in ji Zubairu. "Dubu ɗari biyar, da hwadamar ubana bisa."

Jafaru ya ce dubu ɗari bakwai da jakuna goma sha biyu, ya nuna jakunan da aka ba shi dillanci, masu jakunan suna tsaye suna ji. Malami ya daina kirari. Ya gwada tari, ya gwada cewa lokacin salla ya yi alhali rana ko tsaka ba ta kai ba, ya gwada faɗuwa da fatakar ƙarƙashin tebur, wani mai kirki ya tsinto masa. Da Zubairu ya ce miliyan biyu, kasuwar Shinkafi ta yi tsit, har ana jin kukan akuya daga can ƙarshen kara.

Taron ne ya jawo 'yan agaji masu zagaya kasuwa suna duba mudu da sikeli. Shugabansu mutum ne mai sanyin magana. Ya yi sallama, ya tambayi abin da ake sayarwa da wanda ya yi tayin ƙarshe. Aka nuna masa Zubairu. Ya ce masha Allah, ciniki halal ne, sai a kawo kuɗin a ƙirga a gaban shaidu, mai kaya ya sallama. Zubairu ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya fito da ɓarin goro da kuɗin motar komawa Zurmi. Ya ce shi fa gaskiya ba wa kansa yake saye ba, mai kayan ne ya sa shi.

"Ƙarya kakai," in ji Jafaru. "Ni anka sa."

Suka dubi juna, suka dubi Malami. Daga bayan taro Shehu ya ce shi dai ba ya shiga abin da ba nasa ba, amma hular can da rawanin can duk a kai ɗaya ya saba ganinsu. Dariyar da aka yi a wurin, wani Bafillace sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe sandarsa.

Shugaban 'yan agaji bai yi dariya ba, ko da yake gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce kore a ciniki haramun ne, mutum ya sa a taya kayansa don a ruɗi mai saye, balle a ce har mutum biyu. Ya ce tun da an tara jama'a an gaya musu farashi na ƙarya, dole a gaya musu na gaskiya, ya tambaya ko akwai wanda ya san kan kayan. Alhaji Imrana ya matso, ya karɓi fatakar, ya juya ta a tafin hannu.

"Wa ya wanke ta?"

Ko a nan Malami bai gane ba. Ya gyara mayafi ya ce shi ne, da hannunsa, kuma duk ƙasar Hausa babu mai irin wannan wanki. Alhaji ya ce ya yarda babu. Ya ce Turawan da yake kai wa kaya tsufa suke saye, baƙin nan da shekaru suka ɗora shi suke biya, kuma kuɗin da aka goge ko kallonsa ba sa yi, balle wanda aka kai wa dutsen washi. Ya ce cikin sulallan can akwai waɗanda da an bar su da dauɗarsu da ya saya da daraja.

"Wagga kuwa," ya ɗaga fatakar, "in da ka bar ta yadda take, da na ba ka abin sayen babur. Yanzu sai dai maƙeri ya hidda zobe biyu cikinta."

Malami ya ce wannan ya nuna Turawan Yamai ba su san kaya ba. Babu wanda ya tanka masa, kuma a ganina wannan ya fi dariyar yi masa ciwo.

Aka ba shi zaɓi, ko a wuce gaban alƙali, ko ya zagaya kasuwa da bakinsa ya warware abin da ya ƙulla. Ya zaɓi zagaye. Ya fara a hankali kamar mai ciwon haƙori, amma sanƙira ba ya iya shela rabi-rabi. Kafin ya kai rumfar masu gishiri murya ta buɗe, yana sanar da jama'ar Shinkafi da baƙinta cewa shi Malami na Kaura ya yi kore, kuɗinsa ba su da daraja, wasar keke wasar keke ce. Mutane suka bi shi a baya, Zubairu da Jafaru suna gefe da gefe suna gardamar wanda ya yi tayin ƙarshe. Da ya zo wucewa ta gaban shugaban 'yan agaji sai tsohuwar sana'a ta motsa, ya fara jero masa kakanni, sai da aka ce ya tsaya a kan abin da aka sa shi.

A mota babu wanda ya tsokane shi, har Shehu. Ya zauna a kujerar baya, hannunsa a aljihu, kuma duk mun san ba 'yan agaji yake tunani ba.

Ya samu Inna a kan tabarma bayan la'asar. Labari ya riga shi zuwa, hannu kawai ta miƙo. Ya durƙusa ya sa mata fatakar. Ta ɗora babban yatsa ta murza, ta juya ɗaya gefen ta murza, ta kawo ta kusa da ido, ƙyallin ya sa ta runtse.

"Wagga ta wa ta?"

"Taki ta, Inna. Gyara ta niy yi."

Ta sake bin ta da yatsa, a hankali, tana neman wuraren da ta sani, yatsan yana zamewa bai samu inda zai tsaya ba. Saude tana bakin ƙofa tana kallo.

"Tawa hannun ubanka ya taɓa ta," in ji Inna. "Wagga ba wanda yat taɓa ta sai kai da mai washin wuƙa."

Malami ya sha kunya a gaban kasuwa guda bai sunkuyar da kai ba, amma wannan ta shige shi, har idon mai lafiyar ya kawo ruwa. Sai dai Malami Malami ne. Ya share fuska ya ce abu ne mai sauƙi, zai rataye ta a madafa hayaƙi ya kama ta, ko ya jiƙa ta a ruwan baba na masu rini, kafin Juma'a ta koma yadda take, har ta fi da baƙi. Inna ta ce in ya kusantar da ita ga hayaƙi ko rini sai ta saɓa masa. Ta ce ba hayaƙi ya baƙanta ta ba, hannu ne. Ta kamo tafinsa ta sa masa fatakar, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Zamna nan. Ka murza ta, kana yi mai addu'a. Randa ta koma yadda ka amshe ta, ka kawo min abuna."

Malami ya dubi fatakar tana walƙiya a hannunsa, ya tambaya cikin ƙaramar murya, irin wadda ba mu san yana da ita ba, kamar kwana nawa abin zai ɗauka.

"Ban sani ba," in ji Inna, tana jawo carbinta. "Ni dai tun ba a haihe ka ba nif fara."

Ya gyara zama a gefen tabarmar, ya ɗora babban yatsa, ya fara.